Rumfar Gadar da Yaya Ya Bari a Matsi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, ya rasu a tsakiyar marka, kuma daga ranar zuwa yau ban zauna wuri guda har tabarma ta yi ɗumi a ƙarƙashina ba. Ina so a san ko wane ne shi kafin mutane su gama mayar da shi labarin ban dariya, domin na ga sun fara.

An zo gaisuwa, ba zan ce ba a zo ba. Daga Kankara an zo, daga Faskari an zo, har mutanen Sabuwa sun cika bayan motar auduga sun keto taɓo. Ni ina bakin ƙofar matarsa, wadda ta shiga takaba, ina karɓar gaisuwa ina kallon bakin kowa. Wata ta ce, “Allah ya jiƙan Malam Mai Ganye. Kullum cikin ganye, amma ko na ciwon kai bai taɓa jiƙa wa mutum ba.” Aka yi 'yar dariya a cikin mayafi. Wata ta ce ita abin da ya ɗaure mata kai, a ce gwamnati ta rasa yadda za ta yi da kuɗin mai sai ta ɗauki dattijo aikin tsinkar ciyawa. A zaure kuwa, da an shafa fatiha sai hira ta koma kan siminti da takin zamani da ɗan wane da ya sayi babur. Ta katanga nake jin su. Kunnena bai tsufa ba.

Mutum ɗaya ne ya tambayi abin da ya kamata a tambaya. Wani tsohon bamaguje ne daga wajen Ketare, abokin yawon dajin Yaya tun suna samari. Da ƙafa ya zo, ya jiƙe sharkaf. Bai shiga zaure ba, ya tsuguna a gindin durumin ƙofar gida ya aika a kira ni.

“Gwaggon yara, sannu da rashi.”

“Sannu Baba. Ai kai ma rashinka ne.”

Ya gyara tsugunno. Can ya ce, “An sake mashi takardun?”

Sai a lokacin na tuna. Ba a sake ba. Ɗakin Yaya ma a kulle yake.

Bari in faɗi yadda abin yake, saboda wanda bai sani ba. Yaya ma'aikacin gandun daji ne da fari, daga baya mutanen jami'a a Zariya suka ɗauke shi yana tsinko musu tsirrai. Ba don magani ba, ba don ci ba, don a ajiye kawai. Yana da katako biyu masu giciye kamar ƙyauren taga, da maɗauri na fata. Shi yake ce wa matsi. Zai yanko reshe ya shimfiɗa a cikin tsohuwar jarida, ya buɗe kowane ganye da ɗan yatsa kamar mai gyara wa jariri kunne, ya ɗora wata jaridar, ya sa wani reshen, haka haka har ya yi tudu, sannan ya hau da gwiwa ya ja maɗaurin. Da rani, rana ce ke yin aikin. Da damina kuwa takarda tana shan ruwan ganyen ta yi laushi, dole safe da yamma a kwance, a cire jiƙaƙƙiya a sa busasshiya, a jingina matsin wajen murhu inda ɗumi ke kaiwa amma wuta ba ta kaiwa. In aka yi sake, fumfuna ta hau, ganye ya yi baƙi ya narke, tafiyar ta tashi a banza.

A shekarunsa na ƙarshe abu ɗaya aka ɗora shi a kai: rumfar gada. Kowa ya san ta, zaren nan ruwan ɗorawa da ke lulluɓe itace, ba saiwa a ƙasa, ba ganyen kirki, sai shan ruwan jikin wanda ta hau. Akwai wata malama a jami'ar, yana ce mata Dakta, da ke tattara dangin abin nan kaf, ita ta ce ya nemo mata shi a duk inda yake, a kan duk itacen da ya hau.

“Auta,” ya ce mini wata rana. Auta yake ce mini har na yi furfura. “Kin san danginta?”

“Kauci, mana. Ɓarayi ai gidansu ɗaya.”

“A'a. Kirfa da kike sa wa a shayi. Kafur. Fiya da ake kawowa daga kudu. Duk gidansu ɗaya da ita. Manyan itatuwa ne can cikin kurmi, masu ƙamshi. Ita kaɗai ta taso arewa, ta iso ba ko takalmi.”

“Yaya, ka ji tsoron Allah.”

“Furen ake dubawa, Auta. Furensu iri ɗaya ne.”

Yana da doka guda da ba ya ketarewa: ba ya ɗaukarta ita kaɗai. Sai ya haɗa da reshen itacen da take sha, kuma sai da fure ko 'ya'ya. In ya tarar ba ta yi fure ba, ya juyo hannu wofi ya sake komawa, ko da nisan wurin ya kai garin Yargoje, ko da kan keken nan nasa mai ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Na sha ce masa zare dai zare ne, wa zai sani? Sai ya dube ni kamar na ce ya yi salla ba alwala.

Faɗanmu mafi tsawo a kanta muka yi. Ina da lalle a bayan ɗakina, jere guda, da hannuna na dasa shekarar da na dawo gidan. Yaya ya riƙa kakkaɓe jakarsa a wurin, 'ya'yan abin nan farare ƙanana suka zube. Damina ta zagayo, na fito wata safiya na ga zare ya naɗe mini lalle tun daga ƙugu. Na ƙwala masa kira. Ya zo da buta a hannu, ya duba, ya sunkuya, ya ƙara dubawa. Ina tsaye ina jira ya ba ni haƙuri. Sai na ga fuskarsa ta washe.

“Auta! Ban taɓa samunta bisa lalle ba!”

“Mi ka ce?”

“Kar ki taɓa. Don Allah ki bar ta ta yi fure in ɗauka, sannan in cire maki.”

Na shiga ɗaki na saki labule. Har aka yanke gero ban gaishe shi da baki ba. Tuwo dai ina aika masa, don yunwa ba ta cikin faɗan. Shi kuma kowace safiya yana tsugune a bayan ɗakina kamar mai jiran haihuwa. Da ta yi furen ya yanki nasa, sannan ya zauna ya bi lallen nan reshe reshe yana ɓamɓare zaren da farce har yatsunsa suka fashe. Rabin lallen ya mutu duk da haka. Ya hau keke har Mairuwa ya samo mini wani dashe. Na karɓa. Ban ce na yafe ba, shi ma bai tambaya ba.

Na ce na dawo gidan. Mijina ne ya rasu, ba ɗa ba jika, Yaya ya je da kansa ya kwaso ni da 'yan kwanukana. Ba a daɗe ba wata maƙwabciya mai dogon baki ta ce a gidan suna, yadda zan ji, wai Malam ba ya gajiya da rumfar gada, ga ta daji ga ta gida. Ban kai masa ƙara ba, ni ba mai kai ƙara ba ce, amma maganar ta iske shi. Bai je wurin matar ba, bai je wurin mijinta ba. Washegari ya tara iyalinsa a tsakar gida ya ce daga yau Gwaggo ce mai ɗibar hatsi a rumbu, duk wanda zai ci a gidan nan, har shi kansa, a hannunta zai karɓa. Matarsa, Allah ya saka mata da alheri, ta ce dama bayanta ya gaji da hawan tsani. Shi ke nan. Bai ƙara tayar da maganar ba har ya koma ga Allah.

Sau ɗaya na ga inda kayan ke zuwa. Idona ne ya yi ciwo ya kai ni asibiti a Zariya, da muka fito ya ce sai na ga rumbunsa. Ɗaki ne dogo mai sanyi, kabad na ƙarfe jere da jere har ƙarshen bango. Ya buɗe ɗaya, ga takardu masu kauri an tsara kamar zannuwan amarya, kowace da busasshen reshenta a manne, da rubutu a gefe. Ya zaro wata ya miƙo mini. Lallena ne, da zaren a naɗe, da furen. Ya nuna rubutun ya ce ga sunan garinmu, ga sunansa.

Ni abin da ya dame ni ƙamshin wurin ne. Na toshe hanci na ce, “Yaya, ɗakin nan ƙamshin gawa yake.”

“Kafur ne, don ƙwari.” Ya yi dariya har sai da wani mai farar riga ya leƙo. “Gaskiyarki, Auta, matattu ne. Amma su nan ba su ruɓewa.”

Tun da kuɗin mai ya shigo, Yaya bai ƙara cin tuwo da natsuwa ba. Ko'ina katafila. Yau an ce an ba wani Alhajin birni daji kaza zai yi gona, gobe an ce hanya za ta ratsa fadama kaza. Da ya ji labari sai ya ture kwano ya ɗaura matsi a bayan keke. Na sha tare shi a ƙofa in ce mutum da jikoki ba ya tsere da inji. Ya ce ba tsere yake ba, sallama yake zuwa yi.

Tafiyarsa ta ƙarshe wani ɗan kurmi ne a bakin rafi bayan Sabuwa. Shi da abokinsa na Ketare suka je. Suka tarar rumfar gada ta hau itatuwan da bai taɓa ganinta a kai ba, ga fure ga 'ya'ya, ga katafila a fake a bakin hanya tana jiran ruwa ya ɗauke. Ya cika matsin har maɗauri ya kusa kasawa. A hanyar dawowa ruwa ya sauko, ya cire rigarsa ta sama ya rufe matsin da ita. Tari ya kama shi, ya sauka a ƙirji. Yana kwance yana sa a jawo masa matsin bakin gado, yana sake takardu da hannunsa. Ina tsaye a kansa ina faɗa, yana cewa, “Saura kaɗan, Auta.” Kurmin nan yanzu babu shi. An ce masara za a shuka.

Da aka dawo daga maƙabarta, Baffa, ƙanin mahaifinmu, wanda bai girmi Yaya da yawa ba amma shi ne babba a dangi, ya sa kwaɗo a ɗakin ya jefa makulli a aljihu. Haka muke yi. Kayan mamaci ba a taɓa ko tsinke sai ranar rabon gado, shi kuma rabo sai bayan sadakar arba'in, in kowa ya hallara. Matsin yana ciki, a gefen gado, inda ya bar shi. Kukan mutane da girki da baƙi suka ɗauke mini hankali, sai da tsohon nan na Ketare ya tambaya.

Daga nan ban ƙara jin gaisuwar kowa ba. Ana ce mini ya haƙuri, ni kunnena yana kan kwanon rufi, ruwa na zuba ba ƙaƙƙautawa. In tashi in je bakin ɗakin in sa hanci a tsagar ƙyaure, in dawo in zauna, in sake tashi. Matar Yaya ta ce, “Gwaggo, ko wani abu kika yar?” Na ce mata eh.

Da aka watse daga sadakar uku na aika a ce wa Baffa ina magana. Na tsaya a bayan labulen zaure.

“Baffa, makullin ɗakin Yaya nike so. Abu ɗaya zan ɗauko.”

“Ke?” Ya yi tsaki. “Ke da kinka hana a ɗauki ko allurar uwarku sai da anka raba? Ƙanwar uwarku ta roƙi ɗan madubi, kinka ce ko ita wa ce. Yau ke ce mai neman makulli?”

“Madubi ba ya ruɓewa.”

“In na buɗe maki, gobe wani ya ce agogo, jibi wani ya ce keke. Ba ni buɗewa.”

Ban ga laifinsa ba, har yanzu ban gani ba. Da ni ce da makullin, da abin da zan faɗa ke nan. Babban ɗan Yaya, wanda ke aikin kwangila a Kaduna, yana zaune a wurin. Ya taso ya zo bakin labule ya rage murya.

“Gwaggo, ki bari don Allah. Ciyawa ce fa. Mutane na ji.”

“Su ji. Ciyawar ce ta kashe ubanka, kai kuma kana so ta mutu a banza ita ma.”

Na san na yi masa zafi. Ban janye ba.

Na ce a kira Liman. Ya zo da lema, ya zauna, ya saurari Baffa har ya gama, sannan ya juyo wajen labule.

“Gwaggo, katakon nan na wa ne?”

“Na jami'a ne, Malam. Tambarinsu na jiki, da wuta anka sa.”

“Abin da ke ciki fa, don wa ya tsinko?”

“Don su. Jiran motarsu yake.”

Liman ya shafa gemu. Ya ce, “To Alhaji, wannan ba gado ba ne. Amana ce a hannun mamaci, kuma amana ba ta jiran rabo. In ta lalace muna kallo, mun bar mashi nauyi, mun ɗaukar wa kanmu.”

“Amanar ciyawa!” in ji Baffa.

“Ko ta mene ne.”

Baffa ya daɗe yana lalube a aljihu kamar makullin ya yi nisa. Ya ce sai da shaidu, kuma abu ɗaya tak. Na ce ai abin da na ce ke nan tun farko.

Da aka buɗe ƙyauren, warin ne ya fara tarbarmu. Ɗan ya ɗauko matsin ya kawo rumfar girki, na tsuguna na kwance maɗaurin. Ban taɓa sa hannu a matsin nan ba Yaya yana raye, amma ba abin da ya taɓa yi a tsakar gidan nan da ban gani ba. Na sama sun tafi. Fumfuna ta yi musu fari fat kamar auduga, ina ɗagawa suna narkewa a yatsuna. Na ƙasa ma haka. Ban yi kuka ranar da aka fita da shi ba, sai a nan. Amma na tsakiya suna nan. Zaren bai sake launi ba, furen ƙanana suna manne, kowane reshe da 'yar takardarsa ɗaure da zare, da rubutun hannunsa.

Sai ga wata matsala: jaridun da ya rage duk sun sha danshi, ba ko ɗaya busasshiya. Garinmu kuwa ba a sayar da jarida, ga ruwa ya cinye hanya. Ina juya takardun ina faɗa ni kaɗai. Ɗan yana tsaye a kaina, sai ya juya ya fita. Na ɗauka ya gaji ne. Can sai ga shi da tulin buhunan siminti na takarda a ka, daga ginin da ya fara a bayan gari. Ya zauna a ƙasa da shaddarsa, yana farke buhu, yana jefar da ɓawon ciki mai ƙura, yana miƙo mini na tsakiya mai tsabta.

“Wannan zai yi, Gwaggo?”

Na murza a hannu. “Zai yi. Yanka daidai da katakon.”

Haka muka yi ta yi, safe da yamma. Ni ba karatu na iya ba, don haka ɗaya bayan ɗaya nake ɗagawa, kowanne da 'yar takardarsa, kada in ba wani sunan wani. Shi yana hawa da gwiwa ya ja maɗaurin, kamar yadda ubansa ke yi, har da cije leɓe. Bai koma Kaduna ba sai da reshen ƙarshe ya yi ƙaras a hannu. Matar Yaya tana kallonmu daga ƙofarta, carbi a hannu, in wuta ta yi yawa a murhu ta ce, “Gwaggo, ja shi baya.” Ashe ita ma ta san aikin.

Ruwa ya fara ja da baya sannan motar jami'a ta iso. Dakta ce da kanta. Ban taɓa ganinta ba. Mace ce siririya, ba ta kai yadda Yaya ke ba da labarinta ba. Ta cire takalmi ta durƙusa ta yi mana gaisuwa yadda ya kamata. Na sa aka kawo matsin, na kwance a gabanta, na gaya mata waɗanda suka lalace da dalili, don kada ta zaci sakacinsa ne. Ta riƙa ɗaga takardun siminti a hankali tana karanta rubutunsa, bakinta na motsi. Da ta zo tsakiya ta tsaya, ta cire tabarau ta goge.

“Mama, wurin nan yana nan?”

“Babu.”

Ta gyaɗa kai. Ta ce za a manna su a takarda mai kauri, da sunansa, a sa a kabad tare da sauran. Direba ya kai matsin mota, ya kawo akwatin kwali aka jera su. Za a rufe ke nan ta dafa kai, ta ce ta fito da gaggawa ta manta kafur, ga su za su biya ta wasu garuruwa kafin su koma, ƙwari kuwa ba sa jira.

Na ce su dakata. Na shiga ɗaki na kwance bakin zane na fito da ɗan ƙulli. Ni na ba da kafur ɗin da aka sa a ruwan wankansa, masu wanka suka dawo mini da saura. Na buɗe akwatin na tura ƙullin a kusurwa.

“Mama, wannan na mene ne?”

“Nashi ne. Ya ce danginsu ɗaya.”

Ta rufe akwatin da hannunta, ba ta bar direba ya taɓa ba.

Yanzu wajen murhu ba komai sai inda katakon ya goge bango. Har yau da hantsi da la'asar ina miƙewa zumbur kamar akwai abin da ban yi ba, in je in tsaya a wurin, in dawo. Shekaranjiya na zaga bayan ɗaki, na ga wani siririn zare ruwan ɗorawa ya kama gindin lallen da ya kawo mini daga Mairuwa. Ban ce zan bar ta ba. Ta yi fure dai tukuna.

Allah ya jiƙan Yaya, ya yafe masa, ya sanyaya masa makwanci. Ya sauke amanar da aka ɗora masa, ni shaida ce. Allah ya sa mu ma mu sauke tamu kafin a sa kwaɗo a ɗakinmu. Amin.